Wayar Baba a Kunnen Alhaji Sanƙo

Shafi na 17

Masu cika mini akwatin saƙo da "ina ci gaba", duk na gan ku, har da wadda ta ce za ta biyo ni gida. Ki zo, akwai wanki.

Wanda kuma yau ya fara shigowa, ga inda muka kwana. Babana ya rasu da ciwon ƙari a cikin kai, ta bayan kunnen hagu. Aikinsa gyaran janareta ne a turakun sadarwa na cikin daji, sai ya yi watanni bai leƙo gida ba, Mama kuwa kullum da la'asar sai ta kira shi su yi ta hira har batir ya mutu. A zaman makoki wata maƙwabciya mai bakin tsiya ta ce mata ai wayar ce ta dafa masa ƙwaƙwalwa. Shi ke nan magana ta zauna mata a rai, shekarun nan duk tana ganin ita ta kashe mijinta da surutu. Ni autarsu, sai Allah ya yi aikina a ɗakin gwajin da ake auna ƙarfin igiyar rediyon da waya ke saki a jikin mutum. Na daɗe ina roƙonta ta ba ni tsohuwar wayar Baba in auna. Sai wannan Asabar ta yarda, da sharaɗin a gaban idonta za a yi.

Kawu Direba ne ya kawo mu. Aminin Baba ne, shi ke tuƙa motar aikinsu a da, ɗaki ɗaya suke kwana a daji. Da muka iso ya ce shi da ɗakin sanyi ba sa shiri, ya kwantar da kujerar mota ya rufe fuska da hula.

Mama ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin gwajin tana ƙare masa kallo, jakarta a rungume a ƙirji.

"Nan ne kike wuni?"

"Nan ne, Mama."

"Ko taga babu. Shi ya sa kike dawowa gida da faɗa."

Na ja mata kujera. Ba ta zauna ba, idonta ya riga ya sauka a kan teburin tsakiya.

"Wannan kuma wane ne aka yanka?"

"Alhaji Sanƙo ke nan. Ki gaishe shi, ya girme ni a wajen nan."

Alhaji Sanƙo kan roba ne mai siffar kan mutum, an raba shi biyu an kwantar, kunnen dama a gefe guda, na hagu a gefe guda. Gashi ko ƙwara babu, shi ya sa muka raɗa masa sunan. Cikinsa muke cikawa da wani ruwa da aka haɗa don ya riƙa shan igiya yadda naman kan mutum ke sha. A sama kuma akwai hannun ƙarfe riƙe da siririn tsinke, shi ke nutsawa cikin ruwan yana aunawa lungu-lungu.

Mama ta leƙa ciki ta yamutsa fuska.

"To ina ƙwaƙwalwar?"

"Ruwan nan ne a madadinta."

"Ashe irin ta Yayanku ce."

Na yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa, sai kuma murmushin ya gudu. Ta zuge jaka ta fito da ƙunshi a cikin tsohon hankicin Baba, ta warware shi a hankali a kan teburina.

Wayar nan dai. Ƙarama, baƙa, lambobinta duk sun goge, ga robar da Baba ya ɗaure murfin baya da ita har yanzu tana nan. Ina ɗaukarta warin man dizal ya bugi hancina, sai na ji ni a tsakar gidanmu ina 'yar firamare, Baba ya dawo daga daji ya zube jaka, ni ina laluben aljihunsa don neman alewa. Wallahi na yi kewarsa a lokacin har sai da na juya baya na yi kamar ina neman wani abu a durowa.

Na sa mata batirin da na samo wajen mai gyara tun jiya. Ta kawo haske, ta yi 'yar kiɗan nan tata ta buɗewa.

Mama ta dafa tebur.

"Kashe sautin nan, Auta."

Na kashe.

"Yanzu faɗa mini abin da za ki yi, da Hausar da zan gane. Ban da turancinku na 'yan boko."

"Kowace waya in ana magana da ita tana sakin igiya, naman jiki yana shan kaɗan daga ciki, wurin ya ɗan ɗumama. Masana sun ja layi, sun ce a kan mutum kada abin ya wuce wat biyu a kowane kilo na nama. Layin ma sun ja shi ne can ƙasa da inda ɗumin zai fara cutarwa."

"In ta wuce biyun fa?"

"Ba a yarda a sayar da ita ba."

"Ba sayarwa na tambaye ki ba."

Na san abin da ta tambaya.

"Mama, na'urar nan ɗumi kawai ta sani. Ciwon Baba kuma, duk binciken da aka yi har yau ba a tabbatar waya na kawo shi ba."

"Ba a tabbatar ba, ba a ce babu ba. Ni ma na iya wannan maganar. Auna kawai. Kuma ki dube ni nan, in kika yi mini ƙarya don ki faranta mini, ban yafe ba."

"Allon yana gabanki, da idonki za ki gani."

Na ɗaura wayar a maƙali ta ƙarƙashin Alhaji Sanƙo, na manna ta a kunnen hagu, bakinta na kallon kumatu, yadda ƙa'ida ta ce. Na sa akwatin da ke kwaikwayon turken sadarwa ya umarce ta ta saki iyakar ƙarfinta, irin wanda take saki in sabis ya yi rauni a daji. Hannun ƙarfe ya sunkuyo, tsinke ya nutse cikin ruwa ya fara tafiyarsa ta ƙasaita.

Mama ta zauna a ƙarshe. Leɓenta na motsi, ban ji me take karantawa ba.

"Kin san da me Babanku yake fara gaishe ni?" ta ce ba tare da ta dube ni ba. "Ba ya cewa ina wuni. Sai ya ce, mai gidan ta ci abinci? Wai ni ce mai gidan, shi ɗan haya ne mai zuwa lokaci-lokaci."

"Na tuna. Sai ki kore mu waje ki ja labule."

"Ku da kunnuwanku kamar na zomo. Yayanki har ƙarƙashin gado na taɓa kama shi."

Na'ura ta yi ƙara, lamba ta fito a allo. Na juyo mata shi.

"Karanta mini."

"Ɗaya ma bai cika ba, Mama. Ko rabin layin ba ta kai ba, kuma wannan da iyakar ƙarfinta ne."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta yi hamdala, ko ta rungume ni. Shekara da shekaru nake shirya wannan ranar a raina. Sai kawai ta tashi ta sunkuya tana leƙen ƙarƙashin teburin.

"Ba haka yake riƙewa ba."

"Na'am?"

"Kin manna ta kamar an shafa mata ƙaro. Wa ke riƙe waya haka? Ki sa ta yadda yake riƙewa, sannan in yarda."

Raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na kwance wayar daga maƙali na miƙa mata.

"To bismillah. Sa ta yadda yake riƙewa, in sake aunawa."

Ta karɓa da ƙarfinta. Ta kai ta kunnen Alhaji Sanƙo, ta karkata ta sama, ta dawo da ita ƙasa. Ta mayar da ita kunnen dama. Ta sake dawowa hagu. Hannunta ya tsaya a iska.

"Mama?"

"Auta," ta ce a hankali, "ban sani ba."

"Ba ki san me ba?"

"Ban taɓa ganinsa yana magana da ni ba. Ina nan, yana can. Ta yaya zan gani?"

"To in ya zo gida fa? Ai ana kiransa."

Tana shirin amsawa ni ma abin ya faɗo mini. In Baba na gida waya ta yi ƙara, ba ya ɗauka. Sai ya miƙa wa wanda ke kusa ya ce, ji wane ne, ka ce ina hutu. Mu kuwa har faɗa muke yi a kan wa zai amsa.

Muka dubi juna ni da Mama.

"Je ki taso mini Direba," ta ce.

Kawu ya shigo yana gyara hula yana mitar sanyi. Ya yi furfura fes, amma har yanzu tafiyarsa ta direban babbar mota ce, ƙafa a buɗe. Yana ganin wayar a hannun Mama ya tsaya cak.

"Direba, kai ne ka zauna da shi. Ga kan roba nan. Nuna wa yarinyar nan yadda yake riƙe waya in na kira."

"Uwargida, abin da ya wuce ai a bar shi ya kwanta."

"Ni bai bar ni na kwanta ba. Karɓi."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya shafa robar da babban yatsa. Ya dubi Alhaji Sanƙo, ya dube ni, kamar mai neman a cece shi. Sannan ya ɗaga wayar ya kara a kunnensa na dama.

"Ba a kunnenka ba, Kawu," na ce. "A na robar."

"Ai nan take zama, Auta."

Mama ta matso kusa da shi.

"Me kake nufi?" in ji Mama.

Kawu ya jawo kujera ya zauna ba tare da an ba shi ba.

"Injiniya ba ya ji, Uwargida. Kunnen hagu tun kafin a sayi wayar nan ya mutu, ni ne shaida. Na dama kuma janareta ta cinye fiye da rabi. In kina gabansa yana kallon bakinki, zai tsinci magana. Amma murya ta cikin waya, ko kusa. Ran da kika fara kira ya kara ta a kunne ya yi ta cewa alo, alo, sai ya miƙo mini ya ce, Direba, me take cewa?"

"Ƙarya ne. Muryarsa nake ji."

"Muryarsa ce. Akwai wani dutse a bayan ɗakinmu, nesa da ƙarar inji, nan muke zama. Ni ke saurare. In kin gama sai in toshe bakin wayar da yatsa, in faɗa masa da ƙarfi a kunnen dama, sannan in kai masa ita baki ya amsa."

Mama ta koma ta zauna a hankali.

"Shirun nan," ta ce. "In na yi magana sai in ji ɗif, sai can ya amsa."

"Lokacin ina isar da saƙo ke nan."

"Ni kuwa ina ta tsine wa kamfanin waya. Har layi na canza."

"Mun ji labari. Ranar ya yi dariya har da riƙe ciki."

Abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Yadda Baba ke ƙure rediyo har maƙwabta su aiko. Yadda kullum yake zama ta hagun Mama a tabarma, ya ba ta kunnen dama. Yadda za ki kira shi daga baya ya yi banza da ke, Mama ta ce ku rabu da shi, miskilancin ne ya motsa.

"Me ya sa bai faɗa mini ba?"

"Ya ce in kin sani za ki daina kira, ki ce kina wahalar da shi. Shi kuwa wallahi la'asar ɗin nan ce abincinsa. Tun azahar zai fara duba batir. Har wanka yake yi ya sa riga mai kyau, in ce masa Injiniya, ba fa ganinka take yi ba, ya ce kai dai tuƙi ka sani."

Mama ta rufe baki da gefen mayafi. Kafaɗarta na rawa, na kasa gane dariya ce ko kuka, ina jin duka biyun ne.

Na durƙusa a gabanta.

"Kin ji, Mama? Wayar ko kunnensa ba ta zauna ba. Kunnen ma ya mutu tun kafin ta zo. Ga wanda ya sha igiyar nan zaune, ƙalau da shi."

"Ni in ban da gwiwa babu abin da ke damuna," in ji Kawu.

Mama ta ja dogon numfashi, irin wanda ban ji ta ja ba tun rasuwar. Na ga fuskarta ta sake. Na yi farin ciki a lokacin, farin ciki na gaske.

Sai kuma ta zaro ido, ta dubi Kawu.

"Tsaya. Duk abin da na faɗa, kai ka fara ji?"

Kawu ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

"Har da..."

"Uwargida, ni direba ne. Kaya nake ɗauka in sauke, ba na buɗe buhu."

"Na shiga uku. Auta, toshe kunnenki."

"Ni yanzu ma na buɗe su."

"Ki kwantar da hankalinki," in ji Kawu yana danne dariya. "Masu nauyin ba na iya maimaitawa. Ƙato da ni, in tsaya a kan dutse ina ihun irin wannan magana a kunnen ƙato? Sai in ce masa, ta ce abin nan. Shi kuma ya gane, ya yi ta washe baki, ya ce in kawo wayar."

"Shi kuma nasa amsoshin a gabanka yake faɗa?"

"Ina kallon daji ina ƙirga shanun mutane."

Muka yi dariya mu uku har na share hawaye. Rabon da in ji Mama ta yi irin wannan dariyar, mai fitowa daga ciki, tun ina makaranta. Kawu ya shiga ba mu labarin ranar da ruwan sama ya kama su a kan dutsen, Baba ya cire rigarsa ya lulluɓe wayar, su biyu suka jiƙe sharkaf don Mama ba ta gama ba da labarin akuyar da ta cinye mata shanya ba.

Ina cikin naɗe wayoyin na'ura ina cewa a raina yau an gama, sai na lura Mama ta daina dariya. Tana kallon Kawu, kallon da take yi mana in lissafin ƙaryarmu bai haɗu ba.

"Direba."

"Na'am, Uwargida."

"Ka ce wasu kana tsallakewa."

"Masu kunyar kawai."

"Su kaɗai?"

Kawu ya kawar da kai. Mama ta ci gaba.

"Zuwansa na ƙarshe-ƙarshe ina ganinsa yana dafe bayan kunne. In ya miƙe sai ya riƙe bango. Gidanmu ɗaki biyu, yara ko'ina, ban son in tayar musu da hankali, shi kuma ba ya son a yi masa maganar ciwo a gaban 'ya'yansa. Sai na bari sai ya koma, na riƙa faɗa masa a waya. Na ce ya nemi izini ya dawo mu je asibiti a duba kan nan. Na roƙe shi da girman Allah. Na yi kuka."

Kawu ya ajiye wayar a kan tebur a hankali.

"Duk ran da na faɗa, sai a yi shirun nan, sai in ji ya ce, mu ma nan an yi ruwa. Ko ya ce, ki gaishe da Auta. Na ce mutumin nan ya raina ni. Na yi fushi na daina faɗa."

"Uwargida..."

"Da aka kai shi a ƙarshe, likita ya ce mun makara. A gabanka ya faɗa, kana tsaye a bayana."

Hular Kawu na hannunsa yanzu, yana murɗa ta.

"Da likitan kamfani ya leƙa kunnen nan, ranar za su sauke shi daga aiki. Kin san shi da aikin nan. Na ce a raina bari a gama damina tukuna. Aka gama, na ce bari a gama gyaran babban inji. Na ɗauka ciwon kai ne na rana da ƙara, irin wanda kowannenmu ke yi."

"Ban tambaye ka abin da ka ɗauka ba."

Muryarta ba ta tashi ba. Da ta yi ihu ma da ya fi mini sauƙi.

"Mijina ya ji na ce ya je asibiti ya ƙi, ko bai ji ba?"

Kawu ya dube ni.

"Kada ka dubi yarinya. Ni ka duba. Ka faɗa masa?"

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Ko sau ɗaya ban faɗa masa ba."